Takardar Tsahara

Daren da zan bar Barmu,
jikata Tsahara ta yago ganye guda
daga littafinta na lakwal.
"Kaka, Yamai ba Tawa ba ce.
Can in baki ya yi nauyi, ƙafa ke biya."

Ita ke faɗa, ni ke rubutawa da ajami,
harshen Nasara cikin rigar malam.
Gar, tasha ce.
Biye, takardar shiga mota.
Kwambiyan, wato nawa ne.
A gosh, hannun da ba ya shiga akushi.
A durwat, hannun gaisuwa.
Tu durwa, miƙe kamar igiyar guga.
"Silbuple kuwa, Kaka, gaba ake sa shi,
kamar sallama a bakin zaure."

Na sauka Wadata rana tsaka,
rabin buhun albasa a kafaɗa,
barkar haihuwa zan kai gidan Shaibu.
Mai taksi ya leƙo, ya ce de san.
Na ƙirga yatsu har ya yi tsaki.
Ashe dala arba'in ce
ta sa kwat da wando.

A rampuwan ya zube ni.
Na tare wata yarinya mai tabarau:
"Silbuple, u e Bukoki?"
Ta amsa tana tafiya.
Durwa ta ce, ko durwat?
Na buɗe takarda,
zufa ta riga ni,
ta lashe ta'un, ta bar masa gurbi.

Na miƙe.
Na yi ta miƙewa,
albasa na ƙara nauyi kamar bashi,
har iska ta kawo mini ƙamshin ruwa.
Ga gada, ga kogin Isa,
ga kwale-kwale na sauke kabewa.

Na tattara sauran Faransancina
na zuba wa wani mai dako.
Ya dubi takalmina, ya dubi rawanina.
"Baba, kai Ba'adare ne?
Ni ɗan Kalfu ne. Aje buhun ka sha ruwa."
Muka yi dariya har kabewa ta suɓuce masa.
Shi ya tsayar mini da kabu-kabu,
ya hana ni taɓa aljihu.

Da dare, jinjiri na barci a cinyata,
na maida ta'un mazauninsa,
ɗigo biyu manya kamar idon raƙumi.

Tsahara, tanadi wani ganyen.
Kalma guda kika manta:
yaya Nasara ke cewa na ɓata?