Aikin Dare a Recife

Kafin a kulle gari
daren Asabar ke cika mini ɗaki.
Babura ke aiko su,
samari masu warin giya da gishirin teku,
hular kwano rataye a gwiwar hannu,
ni kuwa in tura su cikin na'urar hoto ɗaya bayan ɗaya
kamar mai gashin burodi.

Sai gari ya yi tsit.
Titin bakin teku kamar an share da tsintsiya,
fitilun kan hanya suna ta ba wa iska hannu.
Na ce bana kam kawuna za su huta.
Na zo aiki da zare da kwarashi.

Ko safa ɗaya ban gama ba.

Na fari tsoho Aristides ne.
Zaman gida ya gundure shi,
ya tuna rufin da ke yoyo tun rasuwar matarsa,
ya jingina tsanin da ya girmi 'ya'yansa.
A allona jini ya kwanta gefen ƙwaƙwalwa
siriri, lanƙwasasshe,
kamar jinjirin watan da babu mai murnar ganinsa.

Ivanilde ta zame a banɗaki ran Talata,
ran Juma'a aka kawo ta.
Kwana uku tana jiƙa tsumma tana ɗora wa goshi
don tsoron tarin da ke asibiti.
An gudu ba a tsira ba.
Ta kira ni da sunan ƙanwarta, na amsa.

Akwai yaro, Cauã, ɗan shekara biyar.
An rufe makaranta, an ɗaure lilo da sarƙa,
sai gadon sama ya zama jirgi
shi kuma matuƙi.

Josenildo bai san kulle ba,
shi ke kai wa masu kulle abinci.
Hanya ta buɗe masa fetal, ya buɗe mata wuta.
Da aka kwance akwatin daga bayansa
shinkafar wani da sauran ɗuminta.

Rosineide kuwa
ta ce ƙofar kabad ce.
A watan jiya ma kabad ne.
Na zare mata takunkumi don ta sha iska,
na ga abin da ƙyalle ya rufa wa asiri.
Ban taɓa ganin kabad mai zobe ba.
Yana can a baranda, yana gaishe da ma'aikata,
ya wanke hannunsa sau biyu, yadda doka ta ce.
Na rage wa na'ura sauri.
Minti goma sha biyu na ba ta
a ɗakin da ba a yarda kowa ya shigo ba.

Da safe likita Valdemir ya zana layi a takarda,
layin ya gangaro kamar tudu.
Ya ce, "Marinalva, dubi, sun ragu."
Gaskiya ya faɗa, ni ma na ƙirga.
Sai dai a gurbin da ake rubuta inda abin ya faru
alƙalamina ya daina rubuta sunan titi.
Kicin. Matakala. Banɗaki. Ɗakin kwana.

Na koma gida a motar haya, ni da direba kaɗai.
Ina ta kallon tagogi,
kowacce da labulenta a sake.
Safar tana cikin jaka,
har yau ba ta da diddige.