Abin da Ke Aljihunsa

Na fara da kwamfuta, kamar kowa.
Na rubuta Lemuel Hargrove, ta ba ni mutum uku:
ɗaya ya rasu a Texas, ɗaya bai kai talatin ba,
na ukun wani kamfani ne ke riƙe da shi,
wai in sa lambar katin banki a nuna mini fuskarsa.
Ba zan sayi ubana a hannun ɗan kasuwa ba. Na rufe.

'Yan sandan gunduma suka ce nasu ya ƙone a gobara.
Na cikin gari suka ce ba su suka kama shi ba.
Gidan jarida ya ce laburare, laburare ya ce kotu.
Kowa da yatsan nuni, ba mai makulli.

Kotun garinmu a Arkansas hawa uku ce,
amma duk abin da ya tsufa yana ƙarƙashin ƙasa,
kusa da tukunyar ɗumama gini,
inda takarda ke warin laima.
Verlene Tuck, akawun kotu, ta sauka gabana
tana dafa bango saboda gwiwa.
"Wace shekara?"
Saba'in da tara, lokacin cirar auduga.
"Laifin me?"
Na ce sata. Haka ake faɗa a gidanmu,
ƙasa-ƙasa, in an ɗauka na yi barci.

Littafin ya kai ƙyauren taga.
Mu biyu muka ɗaga shi.
Ta lashi yatsa tana juya mutane,
mashaya, masu faɗa a bakin mashaya,
wani da ya saki alade a titi,
har ta tsaya.

Tsawo: ƙafa shida ba inci ɗaya.
Tabo a gira ta hagu.
Girarsa ce a fuskata, amma ba wanda ya gaya mini tabon.
Tuhuma: tayar tarakta guda biyu.
Can ƙasa, da rubutun wani mai sauri,
abin da aka samu a aljihunsa:
dala biyu da 'yan canji,
mataji,
makullin gida,
safar jariri, ruwan ɗorawa, ƙafa ɗaya.

Watana huɗu a lokacin.
Ɗaya ƙafar na san ta.
Tana cikin gwangwanin maɓallan mahaifiyata,
na girma ina zaton ta 'yar tsana ce.

Verlene ba ta ce komai ba.
Ta dai ja yatsanta zuwa layin ƙarshe, mai jan tawada:
An kori ƙara. An ga tayoyin a rumbun mai gonar.
Kwana goma sha ɗaya tsakani.

Kamun ya fito a jarida, na gani a laburare,
da sunansa, da sunan titinmu.
Sakin bai fito ba, na duba wata uku.
Masaƙa ba ta mayar da shi aiki ba.
Kafin sanyi ya shiga ya hau bas ya yi arewa,
wasiƙa biyu, sai shiru.
An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
To ga ni, 'yarta, har na fara furfura.

Ko mahaifiyata ta sani?
Littafin ba shi da layin wannan,
ita kuma tana maƙabartar bayan coci.

Kwafi rabin dala ne kowane shafi,
da hatimi kuma dala biyar.
Na ce a buga hatimin, a danna sosai.
Kafin a rufe na ga sa hannunsa a gefe,
ya karɓi kayansa duka, ya lissafa,
har safar.

A mota na zauna, takardar a kan cinyata da ɗuminta.
Na kira yayana Alton,
wanda ya canja sunan mahaifi tun yana sha takwas.
Ta yi ta ƙara.
Da ya ɗauka sai na ce, kana tuƙi ne?
Nemi wuri ka tsaya.