Karatun Wanzami

Bismillahi, na kwance zabira,
Na wasa askata, na gyara,
A gindin rimin da na fara
Aski, tun ina yaro a Zariya.

Karatun boko bai zauna mini ba,
A allo ma ban kai Sabbi ba,
Amma goshin mutum ban taɓa riƙewa ba
Na kasa gane abin da ke zuciya.

Tamoji rubutu ne babu tawada,
Kowa da alƙalaminsa a gida,
Baki ya ce lafiya lau don al'ada,
Fata ita ba ta iya ƙarya.

Jatau direba na tashar Kwangila,
Kuncin hagu shi ya sha wahala,
Ya girmi na dama, in ka kula,
Shi ke bakin taga a kan hanya.

Rana ta gasa shi daga nan har Funtuwa,
Shekara ashirin babu inuwa,
Na ce masa ya yawaita shan ruwa,
Ya ce yawan fitsari ke ɓata tafiya.

Maikano mai ɗinkin aska takwas,
Rigunansa sun je har Legas,
Allura ta tsotse idonsa tas,
Gefen idon kamar sawun tsintsiya.

Da 'yar fitila yake raba dare,
Ido a ƙanƙance yana zura zare,
Na ce, tabarau fa? Ya ce, bari in ƙare
Wannan rigar. Haka ya ce bara, haka jiya.

Barau ya rantse ya bar taba,
Tun azumi bai ƙara taɓa ta ba,
Leɓensa kuwa, in ka duba,
Ya tattare kamar an zuge shi da igiya.

Ban ƙaryata shi ba, abokin wasa ne,
Na dai shinshina, na ce, turare ne?
Ya yi tari, ya ce, ai sanyi ne,
Muka bar ta a nan, muka yi dariya.

Akwai layi biyu tsakanin gira,
Tunani ke tona su kamar gara,
Dogara ɗan fansho ya same su bara,
Tun da haƙƙinsa ya faɗa rijiya.

Sai tsoho Tanimu, manomin albasa,
Fuska duk kunyoyi kamar ƙasa,
Amma kowace kunya raha ce da wasa,
Daga Galma yake takowa, garau, lafiya.

Wanda ya tsorata ni shi ne Mamuda,
Ya zo ran Laraba, tamoji babu ko guda,
Ana ce masa hutu ya karɓe shi a gida,
Wai ya yi ƙiba, ya samu duniya.

Na danna yatsa a kan kuncinsa,
Naman ya loɓa, ya ƙi komawa gurbinsa,
Na dubi ƙafa, ta fi ƙarfin takalminsa,
Na ce, kumburi ne wannan, faɗin gaskiya.

Ya ce in sa ƙaho, in tsaga da aska,
Na ce ya fi ƙarfina, sai Shika,
Ɗansa ya zo da babur ya ɗauka,
Likita ya ce ƙoda ce, ta sha wuya.

Bayan wata uku sai ga shi ya dawo,
A rame, ya bar gishiri saboda ciwo,
Tsoffin tamojinsa duka ya kawo,
Na ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Madubin nan nawa ni ba na dubawa,
Miƙa shi nake, mutane su yi ta yabawa,
Sai shekaranjiya jikata Kuluwa
Ta kawo tuwo, ta tsare ni da tambaya:

Kaka, wa ya tsattsaga maka goshi?
Na ce, goro, da rashin barci, da bashi.
Ta ce, na gefen baki fa? Na yi murmushi,
Na ce, na kakarki ne, tun tana amarya.

Tana bin sa da yatsa, sai ga sallama,
Wani baƙo ya zauna a tabarma,
Na jiƙa sabulu, goshinsa na kama,
Kuncina ni kuwa yana ƙamshin miya.