Lamba Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Takardar ta same ni a filin jirgin Ambursa,
ina haska tayar hagu da tocila, gari bai gama wayewa ba.
Dantani, sakataren ƙungiya, ya kawo ta da hannunsa,
bai yarda ya turo ta waya ba.
Ya ce, "Arzika, ka bari sai ka sauka."
Na karanta kafin in tashi.

Shekara goma sha tara ina tuƙa mai farfela,
kujera talatin, ƙofa guda,
in kai Abuja da hantsi, in dawo kafin la'asar.
Na san fadamar Rima daga sama
yadda uwata ta san faifanta:
inda shinkafa ke fara nuna,
inda shanu ke tsallakewa in ruwa ya janye,
inda hadari ke laɓewa a bayan Jega yana jirana.
A ƙaramin kamfaninmu ni ne na uku.

Sai giwan ruwa ya buɗe baki.
Aka ce ba haɗiya ba ce, haɗaka ce.
Aka zauna wata huɗu a wani otel,
da lauyoyi, da ruwan roba,
ana auna shekarun mutane.
Aka ce ranar ɗauka aiki ita ce alƙali,
amma ranar da su suka ɗauke ka.
Da aka gama jera nasu,
sai aka zuba mu a ƙarshe
kamar gyaran da mai awo ke ƙarawa in mudu ya cika.

Ɗari biyu da sha ɗaya.
Lambar nan ita za ta ce in yi Sallah a gida
ko in yi ta a ɗakin haya, ina jiran kira.
Ita za ta ce hagu, ita za ta ce dama.

Ban ce sun yi sata ba.
Su ma sun ci layi, sun kwana a benci,
akwai wanda ya yi furfura a kujerar dama
yana ƙirga waɗanda suka rage a gabansa.
In na shiga tsakiya, wani zai ja da baya,
shi ma da 'ya'ya a makaranta.
Abin da ya tsaya mini a wuya
kuɗin ƙungiyar da na biya, wata bai taɓa tsallake ni ba,
kuma ranar ƙuri'a mu arba'in ne, su ɗari biyu da 'yan kai.
Hannu aka ƙirga.

Nazifi, yaron da na koya wa sauka a iskar gefe,
wanda tafinsa ke jiƙa sitiyari da gumi,
ya bar mu shekara bakwai da suka wuce.
Yau yana gabana da mutum sittin.
Ya kira ni daren jiya.
Muka yi gaisuwa ta kai minti biyar,
ya tambayi Kulu, ya tambayi gona,
ya ce, "Kyaftin," ya yi shiru.
Na ce, "Ka riƙe sunan, naka ne yanzu."

Ubana masunci ne a Gulma.
Yakan ce inda ƙorama ta faɗa gulbi
ba mai tambayarta tafiyar da ta yi.
Da ina ɗauka maganar ruwa yake.

Kulu ta ɗauki reza bayan isha'i
ta zare igiya ta huɗu daga kafaɗar rigata.
Wurin ya fi sauran yadin duhu,
rana ba ta taɓa ganinsa ba.
Ta sa zaren a gwangwanin maɓallai, ba ta yar ba.

Gobe ƙarfe bakwai akwai tashi.
Nazifi zai ce a karanta jerin dubawa, in karanta.
In mun kai saman Jega
zan nuna masa inda hadarin yake.