Jan da Ban Taɓa Gani Ba

Ƙarfe biyar na asuba na hau tudun Winslow,
shayi a gorar ƙarfe, kyamara a kafaɗa,
hazo kwance cikin kwari kamar madara a kwano.
Kafin in gan shi, na ji shi.
Kukan elik, barewar nan mai girman doki,
bai yi kama da jikinsa ba:
siririyar sarewa ce a maƙogwaron bijimi,
ta hau, ta hau, sai ta karye da gurnani.

Sannan ya fito.
Ƙaho mai reshe shida kowane gefe,
wuya baƙi da laka, hanci na fid da tururi,
bayansa itatuwan maful da kaka ta taɓa.
Wata mata a gefena ta dafe ƙirji:
"Dubi ja! Kamar dutsen ya kama da wuta."
Na gyaɗa kai.
Shekara sittin da takwas ina gyaɗa kai.
A idona ja da kore uwa ɗaya uba ɗaya ne,
duka ruwan shayin da ya kwana.

Na danna, na danna, sau arba'in da ɗaya.
Ya ba ni baya, ya bi matansa daji.

Da can Marlys ce ke zama a kujerar nan.
Ni in kawo ƙaho, in kawo inda inuwa ta faɗi,
ita ta zuba launi.
"Wendell, ka mai da ciyawa ruwan hanta,"
tana dariya, tana janye hannuna daga linzamin kwamfuta.
Kaka biyu ke nan kujerar ba kowa.

Yanzu da lissafi nake gani.
Na rataya ɗan ma'aunin launi a fuskar allo,
ya lafe kamar gizo-gizo yana shan haske
har allon ya daina ƙarya.
Na nemo katin toka da na ɗauka a hoton farko,
na ce wa kwamfuta: wannan ba ɗumi, ba sanyi,
daga nan za ki fara.
Na ɗora kibiya kan ganye guda:
ja ɗari biyu da talatin, kore hamsin da huɗu, shuɗi ashirin.
A littafinta, da rubutunta mai karkata, ta bar mini:
"In ja ya yi yawa takarda ba ta iya ɗauka. Rage.
Kar ka yi wa kaka kwalliya, da tata ta zo."

Na rage.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
Ni mudun kaɗai aka bar mini.

Hoto ya fito daga inji, tawada ba ta gama bushewa ba.
Allo fitila ne, takarda kuwa aron haske take yi,
shi ya sa kullum ta fi shi kunya.
Na kai ta bakin taga,
na jera ta da ganyen da na tsinto a tudu.
Shi ma gefensa ya soma naɗewa.
Abin da zan gwada da shi bai tsaya jirana ba.

Da yamma Tessa ta shigo, takalmi duk laka,
jikata, shekararta tara.
Na miƙa mata, ban ce uffan ba.
Ta daɗe tana dubawa.
"Kaka, me ya tsaga masa kunne?"
Sau arba'in da ɗaya, ban lura ba.

"Jan fa?" na ce. "Ya yi?"
Ta ɗaga kafaɗa. "Ja ne mana.
Irin na rigar sanyin Kaka Marlys,
waccan ta bayan ƙofa."

Na waiwaya.
Tana nan a ƙusarta, aljihu ɗaya a zazzage.
Shekara ashirin ina rungumar rigar nan
ina zaton ruwan ƙasa ce.