Awartaki

Ƙarfe tara na kulle kaina a ɗakin katin asibiti,
can bayan Ƙofar Marusa,
ni da tsohuwar na'ura mai tari kamar akuya,
wadda ta haddace sunan kowace mai ciki a unguwar nan
shekara goma sha ɗaya.

An ce in sayi sabuwa. Da kuɗin wa?
Na ce ku bar ta, za ta sake haifar kanta.

Na kwashe mata kaya tukuna, a faifai biyu,
ɗaya a jakata,
ɗaya a aljihun Malam Ɗayyabu mai gadi,
ya dafe shi da hannu kamar ƙwan zabuwa.
Kwana uku ina janyo tushen ta waya,
datar wata guda ta narke kamar gishiri a miya.

Umarnin gajere ne, kalma biyu.
Na buga, na janye hannuna.
Rubutu ya ɓalle a baƙin allo,
layi na korar layi,
ba mai tsayawa in gaishe shi.

Kakana Ɗangoje maƙeri ne.
Wata rana ina masa zuga ya ce,
"Zinatu, da me ake riƙe ƙarfe in za a ƙera awartaki?"
Na ce da awartaki.
"To na farkon fa?"
Ya yi dariya har haƙorin goronsa ya fito,
bai ba ni amsa ba har ya koma ga Allah.

Ga shi yau ina kallo:
tsohuwar guduma tana ƙera sabuwa,
sabuwar ta juyo ta ƙera uwar tata,
sannan su bi gidan ɗaki ɗaki,
ƙusa, ƙyaure, azara, har da makulli,
alhali mai gidan tana ciki ba ta ko tashi ba.

Sha biyu da rabi hadari ya haɗo daga gabas.
Aka ɗauke wuta.
Batir ya fara kukan ɗan tsako,
Malam Ɗayyabu ya ja igiyar janareta sau bakwai,
a na takwas ya haɗa da salati, ta kama.

Ƙarfe biyu aikin ya tsaya cik.
Kuskure, in ji ta, lamba ɗaya.
Na bi sawu baya, layi ɗari huɗu,
shayi ya huce, sauro ya ci rabonsa,
ashe agogonta ne ya ruɗe:
wai muna farkon shekarar dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in,
ko auren uwata ba a ɗaura ba.
Na gaya mata kwanan wata kamar mai jinyar tsohuwa.
Muka koma farko.

Sai ƙwayar, zuciyar abin.
Na ɗora sabuwa, ban jefar da tsohuwar ba,
na ajiye ta gefe da sunanta,
don ba a fasa tulu saboda an ga hadari.

Na ce ta mutu ta dawo.
Fanka ta yi shiru. Allon ya yi duhu.
Na ga fuskata a ciki, ɗankwali ya zame.
Na ƙirga goma sha ɗaya.
Ladan na gyaran murya a masallacin kwana
lokacin da ta yi tari,
ta tambaye ni sunana.

Saura tambayoyinta, fayil bayan fayil:
tsoho ko sabo? tsoho ko sabo?
Wasu na bar su yadda na same su,
rubutun wani ne da ya riƙe ta kafin ni,
ban san shi ba, amma na san ya sha wahala a nan.

Da safe Sista Uwani ta shigo da jiƙaƙƙiyar lema,
ta nemi katin wata Hindatu, wata takwas.
Ya fito.
Ta dube ni, ta dubi na'urar:
"Wai kwana kika yi? Ni ban ga abin da ya canza ba."

Na karɓi faifaina a hannun Malam Ɗayyabu.
Da ɗuminsa.