Hawa na Bakwai, Ƙarfe Uku na Dare

A bakin asibitinmu na Rotterdam
an kafa hoto, ya fi ƙofar girma:
fuska goma sha biyu, kowacce da launinta,
duka suna murmushi.
A ƙasa an rubuta: Nan gidan kowa ne.
Ina ciki, ta uku daga hagu.
Ni ce mai raba wa ma'aikata kwanakin aiki.

Na daɗe ina rabon ban taɓa duba
su wa rana ke samu, su wa dare ke ci ba.
Alƙalami ba ya son kai, haka nakan ce,
na manta da hannun da ke riƙe da shi.

Daren nan ruwa na dukan taga,
fitilun jirage na iyo a kogin Maas,
sai tsohon gado na huɗu, Tibúrcio,
ya fizge robar hannunsa yana ta sambatu.
Shekara arba'in yana sauke kaya a tashar ruwa,
ya iya yaren garin nan har da na zagi,
amma ciwo ya kwashe shi kaf,
ya bar masa wanda ya sha a nono,
na tsibirin Santo Antão.

Dakta Wouter ya ce ruɗewar tsufa ce.
Na ce haka ne.
Na juya ɗauko allurar barci.

Idalina na goge ƙasa a lungu.
Ba ta cikin hoton.
Kamfanin shara ne ya kawo ta,
rigarta daban, katinta ba ya buɗe
ɗakin da muke shan shayi.
Ta jingine sanda, ta share hannu a cinya,
ta ce: Ba ruɗewa ba ce.
Cewa yake jaki ya zauna masa a ƙirji
tun faɗuwar rana,
kuma muƙamuƙinsa na tsami.

Muka kwasa da gudu.
Na'ura ta zana abin da ta riga ta faɗa.
Kafin gari ya waye an buɗe jijiyar da ta toshe.
Da muka dawo ta gama lungun,
ruwan bokitinta har ya huce.

Da safe na rubuta a rahoto:
An samu bayani daga majinyaci.
An samu.
Magana mai tsabta, ba uwa ba uba.
A taron ƙarfe goma aka tafa wa Wouter,
aka tafa mini, na sunkuyar da kai na karɓa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ita a lokacin tana gyangyaɗi
a jirgin ƙasa mai zuwa Spijkenisse.

Soraya mai haɗa magani ce ta tare ni a matakala,
ta ce: Karo na nawa ke nan?
Na ƙirga da yatsu, yatsu suka ƙare.
Bülent mai tura gadaje ma haka,
muna kiransa in harshe ya ɗaure mana,
mu sallame shi da sannu.

Na koma na soke layin.
Da dare na same ta, na ce
faɗa mini cikakken sunanki in rubuta.
Ta ce: Idalina Fortes Lima.
Shekara tara, sai yau kika tambaya.
Ba ta yi murmushin hoto ba.
Ta ce: Suna ba ya biyan kuɗin haya.
Katin nan ya fara buɗe ƙofa tukuna.

Takardar da na rubuta tana hawa na goma,
an ce kwamiti zai zauna bayan hutu.
Abin da ke hannuna, shi na taɓa:
na sake rabon kwanaki,
ya fito a karkace, har da tsaki daga masu rana.

Tibúrcio ya fara cin abinci.
Yaren garin ya dawo masa, da zaginsa duka.
Jiya na miƙa masa magani,
ya leƙa bayana, ya ce:
Ina likitar nan mai bokiti?